Sulhu da Mikin Wanda Aka Zalunta: Wani Kashi na Star Trek a Ma'aunin Adamawa

Gabatarwa

Mutane da yawa suna ɗaukar finafinan ƙagaggen kimiyya, masu jiragen sama jannati da al'ummomin wasu duniyoyi, a matsayin abin ɗebe kewa kawai. Alhali marubutansu sukan fake da nisan duniyoyin ne domin su faɗi abin da yake da nauyin faɗa a gida. Wannan maƙala ta ɗauki kashi guda na shirin talabijin na Amurka, Star Trek: The Next Generation, mai suna The Wounded, wanda aka fara nunawa a Janairun 1991, ta auna shi da halin da Yola da Jimeta suka shiga tun daga 2014. Abin da take son tabbatarwa shi ne, babban haɗarin da ke fuskantar sabon sulhu yakan fito daga wanda aka zalunta, mai kukan gaskiya, idan aka bar shi shi kaɗai da mikinsa.

Abin da kashin ya ƙunsa

Bai cika shekara guda ba da Tarayyar Duniyoyi ta ƙulla sulhu da Kadasiyawa, al'ummar wata duniya da ta yi yaƙi da su, sai Kyaftin Benjamin Maxwell na jirgin Phoenix ya fara kai musu hari ba da izinin kowa ba, har ya hallaka fiye da mutum 600. Matarsa da 'ya'yansa sun mutu a harin da Kadasiyawa suka kai Setlik III lokacin yaƙi. Shi dai ya rantse cewa abokan gaba suna tara makamai a ɓoye. Aka tura Kyaftin Picard ya tsayar da shi, tare da jami'in Kadasiyawa Gul Macet a matsayin mai sa ido.

Zuciyar labarin tana wajen Miles O'Brien, tsohon yaron Maxwell. Yana zaune da wani Bakadashe a wurin shan abin sha na jirgin Picard, ya ba shi labarin ranar da ya fara kashe rai, shi da bai taɓa cutar da kowa ba. Ya nuna masa cewa abin da ya fi tsana shi ne irin mutumin da yaƙin ya mayar da shi. Wannan O'Brien ɗin ne ya shiga jirgin Maxwell ba makami, ya zauna da shi suka tuna abokansu da suka rasu, har Maxwell ya miƙa wuya. A ƙarshe Picard ya shaida wa Macet cewa ya yarda zargin Maxwell yana da tushe, kuma za a sa wa Kadasiyawa ido.

Idan aka dawo gida

A Satumbar 2014 Boko Haram ta kama Michika, a ƙarshen Oktoba ta kama Mubi. Dubun dubatar mutane suka kwararo Yola da Jimeta, mafi yawansu kuma a gidajen jama'a suka sauka, daga unguwannin da ke kusa da tafkin Njuwa har zuwa Girei. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta a Yuni, a sansanin Malkohi a Satumba, a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, sai kuma wani a Jimeta a Nuwamba. Sojoji sun ƙwato garuruwan, amma zargi ya zauna. A Michika, bayan mutane sun koma, har kasuwar mako ta rabu biyu, Kirista da ranarsu, Musulmi da tasu. Maƙwabci yana tambayar maƙwabcinsa a zuci: ina kake lokacin da aka ƙona gidana?

Irin wannan mutum shi ne Maxwell na Adamawa, kuma zarginsa wani lokaci gaskiya ne, domin akwai 'yan gari da suka nuna wa maharan hanya. Kuskuren Maxwell shi ne ya mayar da kansa mai ƙara, alƙali kuma hauni, ya ɗora laifin wasu a kan al'umma duka. Rikicin Numan na ƙarshen 2017 tsakanin manoma da makiyaya ya nuna inda wannan hanya take kaiwa: kowace ramuwa ta zama hujjar wadda ke biye da ita.

Wani zai ce ai Picard ma ya binne gaskiya, tunda ya ƙi binciken jirgin Kadasiyawa don gudun sabon yaƙi, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wannan magana tana da nauyi, amma a nan ne raunin sulhun nasu yake. An hukunta mai ramuwa, an bar wanda ake zargi da gargaɗin baki. Haka da yawa daga waɗanda aka kashe wa dangi suke kallon shirin Operation Safe Corridor da gwamnatin tarayya ta fara a 2016: tubabbe ya samu horo da jari, marainiya tana nan a kango. Duk sulhun da ya fara da mai laifi kafin ya saurari wanda aka cuta, ƙiyayya yake tarawa.

Adamawa tana da nata O'Brien. Ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Nijeriya da shugabannin addinai suka kafa a 2012, ta ciyar da 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar cocin St. Theresa a Jimeta ga masu neman mafaka, daga baya kuma a 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina musu a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Ƙarfin wannan aiki shi ne ya je inda mai miki yake, ya fara da buƙatarsa.

Kammalawa

Kashin ya nuna cewa mai ɗauke da ƙiyayya yakan saurari wanda ya san ciwonsa fiye da mai ba shi umarni. Tarihin Adamawa ya ƙara da abin da kashin ya gaza kaiwa: lallashi kaɗai ba ya isa. Dole hukuma ta binciki zargi a fili, ta hukunta wanda laifi ya tabbata a kansa da sunansa, ta wanke wanda ba shi da hannu, ta biya diyya kafin ta nemi yafiya. Sarakuna, malamai da fastoci za su iya kwantar da zuciya, amma adalci aikin gwamnati ne, kuma muddin ta jinkirta shi, wani zai tashi ya ɗauke shi da hannunsa.