Ƙarar birkin babur: Yadda ake gane musabbabinta da abin da ya kamata a yi

Babur ya zama abin hawan ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a biranen Kano da Kaduna da Sakkwato, saboda sauƙin mai da kuma ratsa cunkoso. Sai dai akasarin masu shi ba sa waiwayar birki sai ranar da ya ƙi kamawa, alhali kafin ya kai ga haka yakan daɗe yana ba da sanarwa ta hanyar ƙara. Kowace irin ƙara da abin da take nufi: wata ƙura ce kawai, wata kuwa alama ce cewa ran mahayi na cikin haɗari.

Iri biyu na birki

Yawancin baburan da ake hawa a Najeriya, irin su Bajaj Boxer, birkinsu a cikin cibiyar taya yake, wato hob. A ciki akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata da kanikawa ke kira shu, kowanne an manna masa fata mai kaushi. Idan aka matsa hannu ko aka taka birki, sai su buɗe su danni bangon hob ɗin, taya ta rage gudu.

Iri na biyu shi ne mai faifai, wanda aka fi gani a tayar gaban wasu sababbin babura. Shi kuwa man birki ne ke tura fatu biyu su matse faifan ƙarfe daga ɓangarorinsa biyu. A duka biyun, gogayya ce ke tsayar da babur, kuma duk abin da ya shiga tsakanin fata da ƙarfe yana iya haddasa ƙara.

Tambayoyi uku kafin a kwance komai

Daga wace taya ƙarar ke fitowa? A wane lokaci take fitowa? Wace iri ce? Ana samun amsar ta farko a fili mara zirga-zirga: a yi tafiya a hankali, a kama birkin gaba shi kaɗai, sannan a taka na baya shi kaɗai. Daga nan sai a ɗora babur a kan ƙarfen tsayuwarsa na tsakiya, a juya kowace taya da hannu, a kasa kunne.

Ƙara mai tsini kamar fito

Idan da safe kawai take fitowa, ko bayan ruwan sama ko wanki, kuma ta ɓace bayan an kama birki sau uku ko huɗu, to ɗan tsatsa ne da danshi ya haifar. Wannan ba abin damuwa ba ne. A lokacin hunturu kuma ƙura kan taru a cikin hob ta riƙa sa shi kuka. Maganinta a buɗe a share da tsumma mai danshi. Ba a hura wannan ƙura da baki, domin wasu fatun birki na ɗauke da sinadarin asbestos mai lahanta huhu.

Idan ƙarar ta ƙi tafiya, kuma birkin ya rage kamu, mai yiwuwa fatar ta yi zafi har ta koma sumul tana ƙyalli. Hakan na faruwa ga mai ɗora ƙafa a kan birki yana tafiya, ko mai labta wa babur kaya fiye da kima. Ana goge fuskar fatar da sanfefa. Idan ƙonuwar ta yi nisa, sai a sauya ta.

Ƙarar gurzar ƙarfe

Wannan ita ce mafi muni. Tana nufin fata ta cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Babur a wannan hali bai kamata ya sake hawa titi ba sai an gyara, domin ba ya tsayawa a inda ake so, kuma kowace tafiya tana ƙara kwarzane hob ko faifai, waɗanda kuɗinsu ya ninka na fata nesa ba kusa ba. Ana sauya fata idan kaurinta ya ragu zuwa kimanin milimita 2. A babura da yawa akwai 'yar kibiya a jikin hannun birkin da ke gefen taya; idan ta yi daidai da alamar da ke jikin murfin hob yayin da aka kama birki, lokacin sauyi ya yi.

Gogayya ko da ba a taɓa birki ba

Idan taya na yin ƙara tana juyawa da ƙyar, to birkin bai saki ba. Ko dai an ɗaure notin daidaitawa ya wuce misali, ko sifirin da ke mayar da shu ya tsinke, ko kuma datti ya sa wani ƙarfe ya cije. Alamarsa ita ce hob ya ɗau zafi bayan gajeriyar tafiya, ga kuma shan mai. A ƙa'idar ƙananan babura da yawa, hannun birkin gaba kan yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ya kama, na ƙafa kuwa milimita 20 zuwa 30.

Bugu da karkarwa

Birkin da ke kamawa yana saki, har mahayi ya ji bugunsa a hannu ko a tafin ƙafa, alama ce ta faifai ya lanƙwashe ko hob ya daina zama da'ira sosai. Ƙara guda ɗaya mai ƙarfi a daidai lokacin kama birki kuwa, sau da yawa noti ne ya kwance, musamman na sandar ƙarfen da ke riƙe murfin birkin baya. Idan wannan sanda ta fita ana cikin gudu, tayar baya na iya cijewa nan take.

Ƙarar da ba ta birki ba

Wani lokaci laifin na boris ne ko sarƙa. Idan aka riƙe taya aka jijjiga ta gefe da gefe aka ji tana motsi, boris ya mutu. Sarƙar da ta saki kuma takan riƙa dukan murfinta, musamman a kan gargada.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari

Wasu kan ɗiga baƙin mai ko su shafa giris a birki don ya yi shiru. Ƙarar kan ɗauke, amma kamun ma ya tafi tare da ita. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa, sai dai a jefar da ita. Haka nan idan mai ya zubo mata daga wani wuri, dole a toshe inda yake yoyo kafin a sa sabuwa. Birki mai faifai kuma ba a zuba masa kowane mai sai wanda aka rubuta a murfin ma'ajiyarsa, galibi DOT 3 ko DOT 4, kuma ana sabunta shi duk shekara biyu.

Wajen sayen fata, araha ba ta ado: ta jabu kan yi saurin cinyewa, wani lokaci ma ta ɓamɓare daga jikin ƙarfenta. Sabuwar fata mai kyau takan ɗan yi ƙara a kwanakin farko kafin ta zauna. Idan ta wuce haka, ko hannun birki ya yi laushi, a mayar da babur wurin bakanike tun kafin a ɗauki yaro zuwa makaranta ko kaya zuwa kasuwa.