Jinyar Kai da Kai: Daga Tiren Kasuwa zuwa Littafin Likita

Mai karatu, idan kun saba ratsa Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kun san cewa, kamar kowace babbar kasuwa a Arewa, ba a rasa mai tallar maganin gyaran jiki. A da abin da mata suka fi nema shi ne na ƙiba, irin ƙwayoyin da ake wa laƙabi da "sha ka fashe", waɗanda wasunsu ke kumbura fuska su kuma tayar da sukari da hawan jini. Yau shayin rage tumbi ya zauna kusa da su. Cikin masu saye akwai wadda ciwo ne ya kawo ta, tana neman warkar da kanta ba tare da kowa ya sani ba.

Likitoci sun daɗe kafin su ba wannan ciwo suna. A 1873 William Gull na Ingila ya yi bayanin cutar ƙin cin abinci har mutum ya ƙanjame, wato anoreksiya. Sai a 1979 Gerald Russell ya bayyana bulimiya: mutum ya ci abinci mai yawa a ɓoye, ya kasa tsayawa, sannan ya jawo amai ko ya sha maganin zawo don tsoron ƙiba. An jima ana ɗauka cutar Turawa ce, kuma wannan zato ya sa gidajenmu da yawa suna kiran abin iyayi ko kwaɗayi.

Masu ilimin ƙwaƙwalwa sun samo hanyar jinya ta gyara tunani da ɗabi'a, amma ƙwararru sun yi kaɗan, kunya kuma ta hana majinyata zuwa. Don haka a 1995 Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya zuba hanyar cikin littafi, Overcoming Binge Eating, domin mutum ya bi a gida. Abin da ke ciki ba ya kama da na tire ko kaɗan. Majinyaci zai rubuta duk abin da ya ci da halin da zuciyarsa take ciki a lokacin. Zai ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada ya wuce awa huɗu da yunwa, domin yunwar da ya ɗora wa kansa da safe ita ke haifar da cin da ba iyaka da dare. Ma'auni kuwa sau ɗaya a mako.

Waɗanda suka gwada sun yaba da sirrin da ke ciki, da ganin an rubuta halinsu kamar an san su. Amma da yawa sun ajiye littafin a tsakiya, don rubuta abin da ake jin kunyarsa kullum ba ƙaramin aiki ba ne, balle a gidan da ake ci a kwano ɗaya. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu wani a gefe. Shi ya sa a 2017 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a fara wa manya masu bulimiya da jinyar kai, amma tare da jagora: ganawa huɗu zuwa tara, kowace ta minti 20, cikin mako 16. In mako huɗu suka wuce ba sauƙi, a koma ga cikakkiyar jinya.

Ku lura, ba a yi wannan hanya don anoreksiya ba. 'Yar da ke ramewa, jinin al'adarta ya ɗauke, ko tana suma, likita take buƙata yau. Haka mai yawan jawo amai, domin gishirin jininsa na iya raguwa har bugun zuciya ya rikice. A Kaduna, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Barnawa, ƙetaren kogi daga kasuwar. In za ku je, ku tafi da kwalin duk abin da take sha, likita ya gani.