Titin Selwyn: Yadda ake tsara unguwar al'adun Yahudawa ta masu tafiya a ƙasa a Melbon

Titin Selwyn gajeren titi ne a unguwar Elsternwick, kimanin kilomita 9 kudu maso gabas da tsakiyar birnin Melbon na jihar Biktoriya a ƙasar Ostareliya. Cikin 'yan mintoci mutum zai taka shi daga wannan kai zuwa wancan. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne ƙaramar hukumar Glen Eira ta zaɓa domin ya zama cibiyar al'adu da za ta karrama tarihin Yahudawan birnin, inda mai tafiya a ƙasa zai kasance gaba da mai mota. Wannan buri yana cikin tsarin raya Elsternwick da majalisar ƙaramar hukumar ta amince da shi a 2018. Daga lokacin zuwa yau, batun ya bi ta zauren majalisa da kotu da ofishin minista, domin titi ɗaya ne amma masu buƙatarsa suna da yawa.

Dalilin zaɓen wannan titi

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa Yahudawan Ostareliya sun kai kimanin 100,000, kuma mafi yawansu suna zaune ne a Melbon da Sidni. A yankin Glen Eira kusan mutum ɗaya cikin shida Bayahude ne. Asalin wannan taruwa yana komawa ga ƙaurar da aka yi daga Gabashin Turai, musamman ƙasar Polan, kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Dubban waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawa miliyan shida sun sauka a Melbon bayan 1945. Da farko unguwar Carlton da ke arewacin tsakiyar birni ce matattararsu. Da arziki ya samu, sai iyalai suka riƙa gangarawa kudu zuwa Caulfield da St Kilda da Elsternwick, cibiyoyinsu kuma suka bi su.

Babbar shaidar wannan ƙaura ita ce Kadimah, cibiyar al'adu da ɗakin karatu da aka kafa a 1911. Sunan kalmar Ibrananci ce mai ma'anar "gaba". Ta yi shekaru masu yawa a titin Lygon na Carlton kafin ta koma titin Selwyn a farkon shekarun 1970. Aikinta shi ne raya Yidish, harshen da Yahudawan Gabashin Turai suke magana da shi a gida da kasuwa, wanda kisan kiyashin ya hallaka ɗimbin masu jinsa. A can ake wasan kwaikwayo da laccoci, ana kuma adana littattafai a wannan harshe.

A kan titin dai akwai gidan tarihin kisan kiyashin, wanda waɗanda suka tsira suka kafa da kansu a 1984. Shekaru da dama su ne masu zagayawa da ɗalibai suna ba su labarin abin da idanunsu suka gani. An sake gina shi bisa zanen ofishin Kerstin Thompson, aka buɗe shi a watan Nuwamba 2023, Firaminista Anthony Albanese yana halarce. Fuskar ginin cakuɗen tubalin ƙasa ne da tubalin gilashi, ta yadda haske ke ratsawa ciki da rana, ya kuma fito waje da dare. Kusa da nan, a titin Sinclair, akwai makarantar Sholem Aleichem da ke koyar da yara Yidish, wadda aka raɗa wa sunan shahararren marubucin harshen da ya rasu a 1916. A ɗaya ɓangaren kuma, a titin Gordon, akwai sinimar Classic, wadda gininta ya haura shekara ɗari. Akwai kuma bikin In One Voice, inda ake rufe titin Selwyn na yini guda a cika shi da kiɗa da abinci da rumfunan ƙungiyoyi. Ke nan ƙaramar hukumar ba ta ƙirƙiri unguwar al'adu daga babu ba. Ta tarar da ita ne, sai dai motoci suna ratsa tsakiyarta.

Me ya sa tafiya a ƙasa?

Dalili na farko na sufuri ne. Tashar jirgin ƙasa ta Elsternwick, da ke kan layin Sandringham, tafiyar 'yan mintoci ce daga titin, taragon lantarki mai lamba 67 kuma yana bi ta babban titin Glen Huntly inda titin Selwyn ya ɓulle. Baƙo daga tsakiyar birni ba ya buƙatar mota. Na biyu shi ne irin masu zuwa wurin: ɗaliban makarantu da ke sauka rukuni-rukuni domin ziyartar gidan tarihi, da tsofaffi, da iyaye masu tura kekunan jarirai. Ƙunƙuntar hanyar gefen titi ba ta ɗaukar aji guda na ɗalibai a tsaye.

Na uku ya shafi addini. Yahudawa masu riƙo da shari'arsu ba sa tuƙa mota daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa shigar daren Asabar, haka ma a manyan ranakun idinsu. Saboda haka suke neman gida kusa da majami'arsu, kuma duk ranar Asabar za a ga iyalai suna tafe a ƙasa cikin waɗannan unguwanni. Melbon tana da abin da suke kira eruf, wata iyaka da aka zagaye unguwanni da ita ta amfani da wayoyi da katangu, wadda ke halatta wa mai kiyaye Asabar ya ɗauki makulli ko ya tura keken jariri a cikinta. Ba dukan Yahudawan yankin ne ke bin wannan ba, kuma Kadimah kanta cibiyar al'adu ce ba ta ibada ba. Amma al'adar tafiya a ƙasa ta daɗe a wurin kafin masu tsara birane su mayar da ita manufa.

Abin da tsarin ya ƙunsa ba baƙo ba ne ga wanda ya san irin waɗannan ayyuka: a rage zirga-zirgar motoci, a faɗaɗa wurin tafiya, a dasa bishiyoyi, a sa kujeru da fitilu da ayyukan fasaha, a bar fili da za a iya yin taro a kai. Majalisar ta kafa kwamitin ba da shawara da ya haɗa wakilan cibiyoyin da ke yankin.

Gine-gine biyu da suka jawo gardama

Wahalar ta taso ne daga filaye biyu. Na farko tsohon wurin hukumar watsa labarai ta ƙasa, ABC, wanda ke kan titin. Kamfanin manyan kantuna na Woolworths ya saye shi a 2017, ya gabatar da shirin gina katafaren kanti da dogayen benayen gidajen zama a samansa, ɗaya har hawa 14. Mazauna unguwar, wadda akasarin gidajenta tsofaffi ne kuma gajeru, suka tashi tsaye. Majalisa ta ƙi amincewa, kotun jihar mai sauraron ƙararrakin tsare-tsare ita ma ta yi watsi da shirin a 2020. Daga baya aka amince da wani shirin da aka rage masa tsayi.

Tsayin bene shi ya fi ɗaukar hankalin jama'a, amma ga makomar titin, ƙofar shigar motoci ta fi shi muhimmanci. Babban kanti yana rayuwa ne da manyan motocin da ke sauke kaya da ɗaruruwan motocin masu sayayya a kowace rana. Idan suka bi ta titin Selwyn, maganar fifita mai tafiya a ƙasa ta zama ta baka kawai. Idan aka karkatar da su zuwa ƙananan titunan baya, sai su faɗa wa gidajen mutane da ƙofar makarantar yara. Rufe titi ba ya ɓatar da mota, wani wuri yake tura ta, kuma wanda aka turo wa ita yana da bakin magana a gaban hukuma.

Fili na biyu na Kadimah ne. An tsara rushe tsohon gininta a gina bene mai hawa takwas da za a kira Unguwar Fasahar Yahudawa, inda Kadimah za ta zauna tare da Gidan Tarihin Yahudawa na Ostareliya. Shi wannan gidan tarihi an kafa shi ne a 1977, kuma a 1995 ya koma titin Alma a St Kilda. Dabarar ita ce baƙo ya ga tarihin mutuwa da na rayuwa a titi ɗaya: a nan kisan kiyashi, a can harshe da kiɗa da wasan kwaikwayo. Masu adawa sun koka da tsayin ginin da rashin wurin ajiye motoci a cikinsa, wasu kuma sun damu da makomar ayyukan mai sassaƙa Karl Duldig da ke jikin tsohon ginin. Ostareliya, kamar Najeriya, tana da matakan gwamnati uku, kuma ikon ƙarshe a kan tsarin gine-gine na jiha ne. A ƙarshe ministan tsare-tsare na Biktoriya ne ya karɓe batun ya amince da aikin.

'Yan kasuwa da tsaro

Titin Glen Huntly jerin shaguna ne da gidajen abinci da gidajen burodi. Ga mai shago a irin wannan wuri, lissafin fuska biyu gare shi. Gurbin mota da aka soke abokin ciniki ne da wataƙila zai wuce wani kanti. Amma wanda ya fito daga gidan tarihi ko sinima a ƙafa ya fi mai mota saurin tsayawa ya sha shayi ko ya leƙa shago. Wanne zai rinjaya ya danganta da sana'ar mutum, domin mai sayar da kaya masu nauyi da mai gidan shayi ba buƙata ɗaya gare su ba. Sannan akwai watannin aikin gini, lokacin da ƙura da shinge kan kori ciniki alhali kuɗin haya bai tsaya ba. Wannan ɓangare ne da zanen masu tsara birane ba ya nunawa.

Tsaro kuwa ya ƙara nauyi a kan duk wani zane. A ranar 20 ga Janairu 2017 wani direba ya kutsa cikin masu tafiya a titin Bourke na tsakiyar Melbon, mutum shida suka mutu, abin da ya sa hukumomi suka kakkafa turaku da tubalan kankare a wuraren taruwar jama'a. A ranar 6 ga Disamba 2024 aka cinna wa majami'ar Adass Israel wuta a Ripponlea, unguwar da ke maƙwabtaka da Elsternwick. A watan Agusta 2025 gwamnatin Ostareliya ta ce Iran ce ta kitsa harin, ta kori jakadanta. Iran ta musanta. Fili da aka yi domin tara Yahudawa da baƙinsu a sarari dole ne ya kasance a buɗe ga kowa, ya kuma iya tsayar da mota mai gudu. Hanyar da aka saba bi ita ce a ɓoye shingen cikin kayan ado, wato manyan tukwanen bishiya da kujerun dutse da turakun ƙarfe da ake iya saukewa domin motar asibiti ko ta kashe gobara.

Akwai kuma batun abin da zai riga wani. Shimfiɗa dutsen ado a titin da manyan motocin gini za su tattake asarar kuɗin jama'a ce, don haka kammala aikin titin yana rataye ne da ci gaban gine-ginen nan biyu, waɗanda kuɗinsu da lokacinsu ba a hannun ƙaramar hukuma suke ba. Ɗaya na kamfanin kasuwanci ne, ɗayan kuma ya dogara da tallafin gwamnati da gudummawar masu hannu da shuni. Cikin manyan ayyukan titin, sabon gidan tarihin kisan kiyashin ne ya fara kammaluwa ya buɗe ƙofarsa ga jama'a.