Akokan da dokokin manyan ƙasashe

Tun kafin a aza tubalin farko a garin Akokan na Nijar, an riga an rubuta wanda zai fara sayen abin da ke ƙarƙashin ƙasarta. A ranar 24 ga Afrilu 1961 Faransa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Nijar da Kodibuwa da Dahome. A cikinta aka jera ma'adinan da ake yi wa kallon kayan yaƙi, har da yuraniyom, aka ce in ƙasashen sun ɗebi na amfanin gida, Faransa ce ta farko a layin saye, kuma za su taƙaita ko su hana sayar wa wasu idan tsaro ya buƙaci haka. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kowa ya san wanda ake rufe wa ƙofa.

Kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Cominak kuwa an kafa ta a 1974, hannun jarinta ya tsaya a kashi 34 na Faransa, 31 na Nijar, 25 na Japan, 10 na Sifaniya: duk 'yan gida ɗaya, ba bare a ciki. A 1978 raminta na Akokan ya fara ba da kaya. Ma'aikata na sauka zurfin mita 250, garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa na fita cikin duro-duro, manyan motoci su bi ta Tawa har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Gidajen kamfani na da wuta da ruwa da asibiti. A bayansu unguwannin kwano da gwangwani suka yi ta tsirowa.

Katangar 1961 ba ta daɗe ba ta fara tsagewa. Shugaban Nijar Diori Hamani ya nemi ƙarin farashi bayan tashin kuɗin man fetur na 1973, ana cikin cinikin sojoji suka kifar da shi a 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kountché da ya gaje shi bai ji nauyin sayar wa Libiya ba. Amma Mamadou Tandja ne ya mayar da martani da doka. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ɗaga harajin haƙa daga kashi 5.5 zuwa abin da kan kai 12, a 2007 kuma aka bai wa Sinawa wurin Azelik kusa da Ingal, aka kori shugaban reshen Nijar na Areva, kamfanin yuraniyom na Faransa, daga ƙasar. Areva ta yi ta ja-in-ja, sai a Mayun 2014 ta amince da sabon harajin.

Ramin Akokan ya rufe a 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da tan kusan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka ajiye hular kwano, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila.

Shekara guda bayan nan sai Amurka ta gwada tata dabarar. A Afrilun 2022, yaƙin Yukiren na ɗanye, majalisar wakilai ta amince da ƙudirin ɗan majalisa Gregory Meeks na daƙile tasirin Rasha a Afirka, da ƙuri'a 415 da 9. Ƙudirin ya nemi ma'aikatar harkokin waje ta sa ido kan hulɗar gwamnatocin Afirka da Rasha, har da harkar ma'adinai. Shugabannin ƙungiyar SADC suka yi watsi da shi a Agusta, a majalisar dattawa kuma ya mutu. Gaskiya ƙudirin bai tsare komai ba, illa dai ya bai wa Rasha abin faɗa kyauta.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar abubuwa suka yi sauri. Sojojin Faransa sun fice a Disamba. Masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024. A Mayu Joe Biden ya sa hannu kan dokar hana shigo da yuraniyom ɗin Rasha Amurka, a Agusta sojojinsa suka bar sansaninsu na Agadas. Gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace lasin haƙa na Imouraren daga hannun Orano, magajiyar Areva, a Yunin 2024, a Yunin 2025 ta mayar da Somaïr mallakin ƙasa.

A gefen Akokan an bar dusar haƙa mai tururin guba kusan tan miliyan 20. Cominak ta yi alkawarin rufe ta da laka da duwatsu, kaurin mita 2. Yanzu da Yamai da Orano ke shari'a, ya kamata hukumomi su fito su gaya wa mutanen Akokan wanda zai ƙarasa wannan aiki.