Laifi da Haƙurin Dole: Nazarin Zainab da Kyauta a Jiki Magayi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda aka raba laifi da wahala tsakanin uwa da ɗanta a littafin Jiki Magayi. An bi hanyar nazarin taurari, aka auna aikin kowannensu da sakamakon da ya same shi. Binciken ya gano cewa waɗanda suka fi shan azaba a labarin su ne mafi ƙarancin ikon zaɓi.

1.0 Gabatarwa

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Sauran huɗun sun karkata ga yawon duniya da yaƙi da bauta da sata. Shi kuwa a kan neman aure ya kafa tubalinsa. An saba kallonsa ta fuskar ramuwar gayya tsakanin Abubakar da Malam Shehu, aka bar mutum biyun da rigimar ta ƙare a kansu, wato Zainab da ɗanta Kyauta.

2.0 Tushen Rikici

Abubakar da Zainab suna son juna. Malam Shehu, attajirin da bai samu haihuwa ba, ya shigo neman aurenta, dukiya ta yi rinjaye. Abubakar ya bar gari neman asiri, ya dawo ya yi wa ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, wato Kyauta, sammun da ya mai da shi ɓarawo. Daga ƙarshe Kyauta ya kashe mahaifinsa a wajen sata, bai san ko wane ne ba.

Mai karatu a karkarar noma kamar Ƙarfi da sauran ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa ba zai ga baƙon abu a farkon labarin ba. Can, bayan kaka ake yawan ɗaura aure, lokacin da aka sayar da masara da auduga, kuma mai rumbu cike bakinsa ya fi nauyi a gaban iyayen yarinya.

3.0 Zainab: Wahala Cikin Shiru

Zainab ce silar gabar, amma ba ita ke tuƙa labarin ba. Maza ke tafiya, su nemi magani, su yanke hukunci, ita tana cikin gida sakamako na iske ta. Ta rabu da masoyi, ta ga lalacewar ɗa, ta rasa miji. Tarbiyyar Bahaushe ta kunya da kawaici ta ƙara ɗaure ta, musamman da yake Kyauta ɗan fari ne, wanda al'ada ta hana uwa ko ambaton sunansa, balle ta fito fili ta tsaya masa. Saboda haka bai dace a ɗauki shirunta a matsayin yarda ba. Haƙuri ne na wadda ba a bar mata wata ƙofa ba.

4.0 Kyauta: Laifi Ba da Niyya Ba

Shi Kyauta hannunsa dumu-dumu cikin ɓarna, sai dai an rubuta masa ita tun bai san fari da baƙi ba. Ta wannan fuska ya yi kama da Odifus na wasan Sofokilis na Girka, wanda shi ma ya kashe ubansa cikin rashin sani. Bambancin shi ne, can ƙaddarar alloli ce, nan kuwa ƙullin ɗan'adam ne, ana iya nuna wanda ya ƙulla. Wannan ya jefa mai karatu Musulmi cikin tsaka mai wuya: addini ya koyar da cewa ba a kama wani da zunubin wani, ga shi kuma yaro na biyan bashin da manya suka ci.

5.0 Kammalawa

Uwa ta san tushen masifa ba ta da ikon hanawa, ɗa yana aikatawa bai san tushen ba. A wannan giɓi tsakanin sani da iko ƙarfin littafin yake. Ana ba da shawarar a faɗaɗa nazarin zuwa adabin kasuwar Kano, domin a ga yadda marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka buɗe bakin taurarin da a da aka bar su cikin shiru.