Miliyan Ɗaya (1,000,000)

Miliyan ɗaya ita ce dubu sau dubu. Ana rubuta ta da ɗaya da sifili shida. Asalin sunan daga Italiyanci ne, ya iso Hausa ta hanyar Ingilishi.

Idan aka warware ta har tushe, 2 da 5 kaɗai ake tararwa, kowacce sau shida. Lambobi 49 ne ke raba ta ba tare da saura ba, amma babu 3 a cikinsu: abokan ciniki uku da suka raba naira miliyan ɗaya, kowa zai ɗauki 333,333, naira ɗaya ta yi saura.

Sauƙin faɗarta kan ɓoye girmanta. Daƙiƙa miliyan ɗaya ta haura kwana 11 da rabi.