Tarin Famfo a Sabo

Tun da aka kafa unguwarmu ta Sabo a Ibadan a 1916, ruwa yake ba mu ɗawainiya. Da rijiya kakanninmu suka fara. A 1942 aka kammala madatsar Eleyele, ta Asejire ta biyo baya a 1972. Amma gari ya yi ta cika, ruwan famfo ya koma yau akwai, gobe babu.

A nan muka san tarin famfo. In aka ɗauke ruwa, iska ce ke cika bututu. Ran da aka kawo, sai ta maƙale a inda bututun ya hau sama ko ya lanƙwashe, famfo ya yi ta fuf-fuf yana tofi. Yanzu da muka koma burtsatse ma haka ne, muddin aka bar tanki ya ƙafe.

Maganin bai sauya ba: a buɗe duk famfunan gida har ruwa ya miƙe, sannan a rufe daga na ƙasa zuwa na sama. Amma fa a kula: bututun da ke kwance cikin kwata, in ya ɓule, ta inda ya sha iska ta nan yake shan ƙazanta. Ruwan farko a zubar, kada a ba yaro.